DARASIN WATA: INJIN FESHI DA HANNUN MAI FESHI

A taron ƙungiyar gama kai da muka halarta a Sabon Tasha, an yi fiye da awa guda ana gardama a kan injin feshi. Wani ya ce na batir ya fi, wani ya ce na hannu ya fi ƙarko, samari kuma suna ta nuna hotuna a waya. Da muka tambaya, "Ruwa lita nawa injinku yake zubawa a hekta guda?" sai ɗaki ya yi tsit.

Wannan shirun yana da tsada. A daminar bara wani ɗan'uwa mai gona a hanyar Kachia ya ci bashin ƙungiya ya sayi sabon inji. Ya zuba maganin ciyawa da ka, ba awo. Masara ta ƙone, bashi kuwa yana nan. Injin ba shi da laifi ko kaɗan.

Ba mu ce a daina zancen kayan aiki ba. Kafin ƙungiya ta fid da kuɗi, wajibi ne a tambaya: ana samun robarsa da bakinsa a kasuwar Kakuri? Akwai mai gyara kusa? Amma dattawanmu da suka yi aiki a masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 aka rufe a 2002, sukan tuna mana cewa sabon ma'aikaci yakan tsaya bayan gwani ya koya tukuna kafin a bar masa inji. Haka ya kamata gona ta zama.

YADDA ZA MU AUNA INJINMU

Da ruwa zalla za a yi wannan gwaji, ba magani.

1. A auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, a kafa turaku.
2. A cika inji har iyakar layinsa.
3. A fesa filin duka da irin tafiyar da aka saba, bakin feshi daidai gwiwa, kada a yi sauri don ana kallo.
4. A sake cika injin da kwalbar awo, a lura da abin da ya ci.
5. A ninka wannan sau 100, gama irin wannan fili 100 ne hekta guda.

Ga misali. In ya ci lita 2, watau hekta za ta ci lita 200. Inji mai ɗaukar lita 16 za a cika shi sau 12 da rabi. In takardar jikin magani ta ce lita 4 a hekta, sai a raba: kowane cikawa mililita 320 ne. Wanda ya zuba fiye da haka ya ƙona amfani da kuɗi. Wanda ya rage, ciyawa za ta tashi.

A lura, kowa da tafiyarsa. Awon maigida ba zai yi wa ɗansa ba, sai kowa ya gwada nasa. In baki ya toshe, kada a hura da baki, kada a soka ƙusa. A kwance shi a wanke da ruwa.

SHAWARARMU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ruwa ya sauka, bari kowace ƙungiya ta raba taronta biyu: rabi a ɗaki don lissafi da zancen saye, rabi a gona. Wata guda awon feshi, wata na gaba gwajin iri ko wasa adda da fartanya. A roƙi wanda ya iya ya nuna, mata da samari su kama da hannunsu. Kada a ba kowa bashin inji sai ya yi awon nan a gaban mutum biyu.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Wane kayan aiki muka saya wanda yake ajiye yanzu? Me ya sa?
2. Wa ya iya wani aiki a cikinmu da sauran ba su iya ba?
3. Wace rana za mu yi gwajin, a gonar wa?