Darasin Mako: Na'urar ATM Ba Ta San Fuska Ba

Jama'a, kusan kowannenmu, daga masu rumfa a Kasuwar Monday har masu kifi a Baga Road, yana da katin ATM a aljihu. To amma mu nawa ne muka san yadda na'urar take aiki?

An buɗe ta farko ne a bankin Barclays da ke Enfield, arewacin Landan, ranar 27 ga Yuni, 1967. Lokacin ba kati ake sakawa ba, takarda ce irin ta cek, kuma fam 10 take bayarwa. A Najeriya kuwa abin ya yaɗu ne bayan kafa kamfanin Interswitch a 2002, wanda ya haɗa bankuna, har katin wannan banki ya zama yana aiki a na'urar wancan.

Ga yadda take yi. Idan muka saka kati muka danna lambar sirri, sai ta aika wa bankinmu tambaya: lambar nan daidai ce? Akwai kuɗin a asusun? In banki ya amsa, sai ya cire daga asusu, ita kuma ta ƙirgo daga akwatunan da ke cikinta. Kun ga ke nan ba ta san fuskar kowa ba. Duk wanda ya zo da kati da lamba, a wurinta shi ne mai kuɗi.

Shi ya sa kada mu rubuta lambar a bayan kati, kada mu miƙa wa baƙon da ya ce zai taimaka mana a layi. Dattawanmu, ku tafi da ɗa ko jikan da kuka amince da shi. Wanda ya bugo waya wai daga banki yake, yana neman lambar, ɓarawo ne; banki ba ya tambayarta.

Wani lokaci sabis kan yanke a tsakiya: an cire a asusu, kuɗi bai fito ba. Kada hankali ya tashi. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020 ta ce a mayar cikin awa 24 in na'urar bankinmu ce, awa 48 in ta wani ce. Mu adana saƙon da ya shigo waya, mu kai ƙorafi bankinmu.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a kasuwa.