Kimiyyar Cike Giɓi a Jikin Ƙananan Samfurorin Roba

Gabatarwa

A cikin shekarun 1950 kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da ƙaramin samfurin jirgin yaƙin nan Spitfire, wanda mai saye ke harhaɗawa da hannunsa. An yi shi bisa ma'aunin 1/72, wato kowace santimita 1 a jikin samfurin tana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Tun daga wancan zamani harhaɗa samfurorin jirage da motoci da jiragen ruwa ya zama abin sha'awa ga yara da manya a Turai da Amurka da Japan. Sai dai akwai matsala guda da ke damun kowane mai wannan aiki, ita ce giɓin da ke saura inda ɓangarori biyu suka haɗu. Mai karatu zai iya ganin abin ƙarami ne, amma lissafi ya nuna akasin haka: giɓin rabin milimita a ma'aunin 1/72 daidai yake da tsagar santimita 3.6 a jikin jirgin gaske. Wannan darasi zai bayyana inda giɓin ke fitowa, da dalilin da ya sa wani ciko ke ɗorewa wani kuma ya lotsa.

Asalin Giɓi

Ana yin yawancin samfurorin da robar da ake kira folistirin, wadda aka fara sarrafa ta a masana'antu a Jamus wajen 1930. Akan narkar da ita, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. Yayin da take hucewa takan ɗan tsuke, kuma wuri mai kauri ya fi tsukewa, har ya bar ɗan rami a sama. Haka nan idan mazubin ya tsufa, ɓangarorin ba sa zama daram a kan juna. Saboda haka aibi iri uku ne: siririn layin haɗi, da buɗaɗɗen giɓi kamar wanda ake samu tsakanin fiffike da gangar jirgi, da kuma ramin lotsawa.

Gam ɗin da ake haɗa robar da shi ma yana da nasa tasiri. Aikinsa shi ne narkar da fuskokin biyu su cakuɗe su zama abu guda, kamar walda. Idan aka matse su sosai, narkakkiyar roba takan ɓullo a kan layin, in ta bushe a kankare ta, layin ya ɓace ba tare da wani ciko ba. Don haka gwanaye ke fara gwada ɓangarori a bushe kafin su sa gam, domin rigakafi ya fi magani.

Ciko Mai Bushewa da Ciko Mai Daskarewa

Ƙullun ciko iri-iri ne a kasuwa, amma ta fuskar kimiyya gida biyu ne. Gida na farko shi ne mai bushewa, irin wanda kamfanin Tamiya na Japan ke sayarwa a bututu. Gari ne mai laushi da aka dama da sinadari mai narkarwa, kamar toluwin ko asiton, ko kuma da ruwa. Yana tauri ne idan mai narkarwar ya bi iska. Tun da wani kaso na jikinsa ya fita, dole ya ragu, kamar yadda laka ke tsagewa a fadama da rani. In aka lafta shi da kauri, samansa ya yi ɓawo cikinsa yana ɗanye, sai a goge a yi fenti, bayan makonni layin ya sake bayyana ƙarƙashin fentin. Bugu da ƙari, sinadarin da ya maƙale a ciki yana ci gaba da cin robar, har hancin jirgi ya yi laushi ya lanƙwashe. Saboda haka wannan ciko na siririn layi ne da ƙaramin rami, kuma shafi-shafi ake sa shi.

Gida na biyu shi ne mai daskarewa, misalinsa efoksi irin Milliput da aka fara yi a Birtaniya a 1968. Yana zuwa da sanduna biyu, a gutsuri daidai wa daida a murza su har launinsu ya zama ɗaya. Ƙwayoyin sinadaran biyu suna sarƙewa da juna su zama raga mai tauri, kusan yadda siminti ke kamawa. Babu abin da ke fita daga jikinsa, don haka kusan ba ya raguwa, kuma ba ya cin roba. Yana tauri cikin awa 3 zuwa 4, kafin nan ana iya lallashe shi da jiƙaƙƙen yatsa. Shi ne maganin babban giɓi.

Sufa gulu ma ɗan wannan gida ne. Harry Coover ya ci karo da sinadarinsa a Amurka a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Laimar iska ce ke sa shi kamawa, shi ya sa yake jinkiri a busasshiyar iska irin ta hunturu. Aibinsa shi ne in ya kwana yakan fi robar tauri, sai samfefa ta cinye robar gefe ta bar shi a tsaye kamar kunya. A goge shi tun yana sabon kamawa.

Matakan Aiki

1. A bar gam ya kwana kafin a taɓa layin.
2. A manna tef a gefe biyu na giɓin don kare zanen jikin samfurin.
3. Idan giɓin ya yi faɗi, a cusa siririn yankin roba a ciki tukuna.
4. A shafa ciko kaɗan da tsinke ko bakin wuƙa, a bar shi ya yi tauri sarai.
5. A goge da jiƙaƙƙiyar samfefa, daga mai lamba 400 zuwa 600 zuwa 1000.
6. A fesa fentin share fage mai ruwan toka, a duba a hasken da ke zuwa ta gefe. Inda layi ya nuna, a maimaita.

Lafiyar Mai Aiki

Toluwin yana narkewa cikin kitse. Idan aka shaƙe shi yakan ratsa ƙananan jakunkunan huhu ya shiga jini, ya isa ƙwaƙwalwa wadda ke da kitse mai yawa, ya jawo ciwon kai da jiri. Hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda ta fitar da ragowar cikin fitsari. Irin waɗannan sinadarai ne ke cikin sholisho, wanda illarsa ga masu shaƙarsa ba ɓoyayya ba ce. Shi kuwa ɗanyen efoksi yana iya sa garkuwar jiki ta tsane shi, fata ta riƙa ƙaiƙayi da ƙuraje duk lokacin da ta taɓa shi, kuma da wuya hakan ya gushe. Don haka a yi aiki kusa da buɗaɗɗiyar taga, a sa safar hannu, a jiƙa samfefa don ƙura ta kwanta.

Kammalawa

A taƙaice, kafin mai aiki ya zaɓi ciko, ya fara sanin yadda cikon ke tauri. Mai bushewa na ƙaramin aibi ne, mai daskarewa na babba. Wanda ya kiyaye wannan, ya kuma ba kowane shafi lokacinsa, ba zai ga layin da ya rufe ya dawo bayan fenti ba.