ƁAURE DA ƊAN ƘWARONSA

Hausawa su kan ce mai cin ɓaure ba ya tona cikinsa. Yau ina so mu tona, gama ƙwarin da ke ciki su ne dalilin da ɓaure ke yaɗuwa a duniya.

Ku tambayi yaran ajinku ko akwai wanda ya taɓa ganin furen ɓaure, ko na cediya, ko durumi, ko gamji. Ba za ku sami ko ɗaya ba. Dalili kuwa, abin nan da mu ke kira ɗan ɓaure, tun yana ɗanye, wata 'yar jaka ce, furanni ɗaruruwa suna jere a cikinta, maza da mata. Ƙofarta guda ɗaya ce tak, 'yar mitsitsiya, a can ƙarshensa. Iska ba ta shiga, ƙudan zuma ma ba ya iyawa. To, wa zai kawo garin fure daga wani itace, har a sami iri?

Mai wannan aiki wani ɗan ƙwaro ne, dangin zanzaro da rina, wanda da ƙyar ya kai girman ƙwayar gero. Macen ita ke zuwa, ƙanshin ɗanyen ɓaure ke kiranta. Ta kan kutsa ta ƙofar nan da ƙarfi, har fikafikanta su kan cire. Da ta shiga sai ta bi furannin mata, tana saka ƙwai a waɗansu, tana shafa musu garin da ta ɗauko daga ɓauren da aka haife ta. Nan za ta mutu. Furen da ya sami ƙwai shi zai ciyar da tsutsa, wanda ya sami gari kaɗai shi zai zama iri.

Bayan 'yan makonni mazan su ke fara fitowa. Ni dai ina jin tausayinsu. Ba su da fikafikai, ba su kuwa da wani aiki sai su sadu da matan, sa'an nan su huda musu hanyar fita, su mutu. Daidai lokacin nan furannin maza sun nuna, sai matan su kwashi gari su tashi. Ransu bai fi kwana ɗaya ko biyu ba.

Ku lura da abin da wannan ke nufi a kurmi, kamar na Okomu ko na Oban, inda itatuwa iri ɗaya ke nesa da juna. Dangin ɓaure sun haura iri 750, kuma galibi kowane iri da nasa ƙwaron. Lalle ne macen ta sami itace irin nata mai ɗanyun 'ya'ya kafin ta mutu. Binciken da aka yi a kurmin Panama, aka buga a 1998, ya nuna su kan kai gari kilomita shida ko fiye. Saboda haka itatuwan ba su yin 'ya'ya lokaci guda. Wannan na nuna, wancan na farawa. Shi ya sa birai da jemagu da tsuntsaye ke samun ɓaure ko a watannin da sauran itatuwa ba su da kome, su kuma su watsa irin cikin kashinsu.

In za ku koyar da wannan darasi, ku sa yara su tsinko waɗanda su ka ƙosa amma ba su yi laushi ba, a zuba cikin kwalba, a rufe bakin da farin ƙyalle. Bayan kwana ɗaya ko biyu su ƙirga ƙwarin da su ka fito.