Amsoshin Tambayoyinku: Addu'a a Tsakiyar Hidimar Kasuwa

Wata mai sauraronmu daga Kafanchan, 'yar Katolika mai sayar da hatsi, ta tambaya: in ban da zuwa coci ranar Lahadi, yaya za ta raya ruhunta alhali kasuwa ta cinye mata yini?

'Yar'uwa, mun gode da tambaya. Ki fara da addu'ar Anjelus, wadda ake yi sau uku a rana: ƙarfe shida na safe, sha biyu na rana da shida na yamma. Ba ta wuce minti uku, kina iya yin ta a tsaye bakin buhunanki.

In ciniki ya lafa, ɗauki rosari ki ja ƙwaya goma, kina tunani kan rayuwar Yesu. Da dare kuma, bi hanyar Waliyyi Ignatiyus na Loyola: gode wa Allah, bincika yininki, nemi gafara inda kika kasa.

Sannan ki cika mudu da gaskiya. Waliyyiya Teresa ta Liziyo, wadda ta rasu a 1897, ta koyar cewa ƙaramin aiki da aka yi da ƙauna hanya ce ta tsarki. Ki riƙe ƙungiyar Zumuntar Mata ta coci, ki riƙa zuwa wurin Fada don furta zunubi. Allah ya ƙarfafa ki.