DARASIN WANNAN WATA: HANYAR ZAMA MA'AIKACIN JINYA

Kwandiko mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Mutanenta manoma ne da makiyaya, kamar mutanen Sara da Kila da Fagam da Basirka. A irin waɗannan garuruwa, idan ciwo ya tashi cikin dare, ko haihuwa ta zo da gardama, abin da ake fara nema shi ne mota ko babur. Wani lokaci akan isa asibiti da wuri. Wani lokaci kuwa sai an makara.

Da akwai ƙwararren ma'aikaci a kusa, da rayuka da yawa sun tsira da yardar Allah. Amma ma'aikacin da aka turo daga birni sau da yawa ba ya daɗewa a ƙauye. Wanda ya fi zama shi ne ɗan gari. Saboda haka wannan darasi zai yi bayanin yadda ɗan ƙauye ko 'yar ƙauye za su koyi aikin jinya, su dawo su yi wa mutanensu aiki.

WANE NE MA'AIKACIN JINYA?

A ƙauye kowa da farar riga likita ake ce masa. Amma ma'aikatan asibiti iri-iri ne, kuma kowa da karatunsa.

Na farko shi ne nas. Shi ke kula da majiyyaci a kan gado. Shi ke ba da magani a kan lokaci, ya yi allura, ya sa ƙarin ruwa, ya wanke miki, ya rubuta halin da majiyyaci ke ciki don likita ya gani. Namiji na zama nas, mace ma na zama.

Ta biyu ita ce ungozomar asibiti. Ita ke awon ciki, ta karɓi haihuwa, ta kula da mai jego da jaririnta.

Na uku shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma. A takarda ana ce masa CHEW, ƙaraminsa kuma JCHEW. Shi ne mutanen karkara suka fi sani da malamin asibiti. Shi ke riƙe da yawancin ƙananan asibitoci na ƙauye. Yana duba ƙananan cututtuka, yana yin allurar rigakafi, yana kuma shiga gida-gida yana wayar da kan jama'a.

Wannan tsari na kai lafiya ƙauye ya samu ƙarfi bayan wani babban taro da ƙasashen duniya suka yi a birnin Alma-Ata a 1978. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya tsaya tsayin daka a kansa.

INA MAKARANTUN SUKE?

Mutanen Gwaram sun yi sa'a, domin makaranta na kusa da su. A Birnin Kudu akwai makarantar koyon aikin jinya da ungozoma ta Jihar Jigawa. Akwai irinta a Haɗejiya da Ɓaɓura. A Birnin Kudu kuma akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya.

Mai son zama CHEW ko JCHEW kuwa, Jahun zai nufa. A can ne kwalejin koyon fasahar kiwon lafiya ta jiha take. Ban da lafiyar al'umma, ana koyar da wasu sana'o'in asibiti a can, kamar aikin duba-gari da ajiye bayanan majiyyata.

ME AKE BUKATA KAFIN A SHIGA?

Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Makarantar nas tana neman kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, irin ta WAEC ko NECO. Darussan su ne:

1. Turanci
2. Lissafi
3. Bayoloji, wato ilmin halittu masu rai
4. Kemistiri, wato ilmin haɗa sinadarai
5. Fiziks

Dole a samu waɗannan a zama ɗaya, ko a zama biyu. Ba a haɗa takardun zama uku. Kwalejin lafiya ma waɗannan darussa take dubawa.

A nan akwai abin lura ga iyaye. Darussa uku na ƙarshe a ajin kimiyya ake koyar da su. Ana raba yara ne tun a ajin farko na babbar sakandare. Yarinyar da aka sa a wani aji, ta yi shekara 3 ba ta karanta Kemistiri da Fiziks ba, ba za ta samu shiga ba, komai ƙoƙarinta. Ke nan hanyar zama nas tana farawa ne tun ranar da yaro ya gama ƙaramar sakandare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uba ko da bai yi boko ba, yana iya zuwa wurin shugaban makaranta ya tambaya: "Malam, wane aji aka sa 'yata? Akwai malamin Kemistiri a makarantar nan?"

Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu kada ya fid da rai. Yana iya sake zama jarrabawa. Daga 2012 zuwa 2020 an yi wani shiri da taimakon gwamnatin Ingila a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara. An riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, a ba su karatun share fage, su sake jarrabawa, sannan su shiga makarantun lafiya. Wannan ya nuna cewa 'yar ƙauye na iya karatun, in an ba ta dama.

SHEKARA NAWA AKE YI?

JCHEW shekara 2 ne. CHEW shekara 3 ne. Wanda ya gama JCHEW ya yi aiki yana iya komawa ya ƙaro karatu ya zama CHEW.

Karatun nas ya daɗe yana shekara 3. Yanzu makarantu da yawa sun koma sabon tsari na shekara 4. Shekara 2 ta ƙaramar difloma, shekara 2 ta babbar difloma. A wannan tsari sai an zauna jarrabawar JAMB. A jami'a kuwa shekara 5 ake yi.

Akwai kuma gajeren karatu na shekara 2 da wasu makarantu ke yi, don samar da nas da ungozoma na karkara. An shirya shi ne musamman saboda ƙauyuka. Wanda aka ɗauka zai koma yankinsa ya yi aiki bayan ya gama. Mai sha'awar wannan sai ya tambaya a sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma, ko a makarantar kanta.

ME AKE KOYO?

Da farko ɗalibi yana zama a aji. Yana koyon sassan jikin mutum da aikin kowane sashe. Yana koyon ƙwayoyin cuta da yadda suke yaɗuwa. Yana koyon sunayen magunguna da yawan da ake ba babba da yaro. Watannin farko su ne masu zafi, domin akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya. Wanda ya yi wasa a nan zai koma gida.

Daga nan sai ɗakin gwaji. A can akwai gado da mutum-mutumi na roba. A kansa ɗalibi ke koyon allura da ɗaura bandeji da juya majiyyaci, kafin ya taɓa mutum mai rai. Sannan a tura shi asibiti da ƙauyuka, ya yi aiki a ƙarƙashin manya. Zai yi aikin safe, ya yi na yamma, ya yi na dare.

Ga kaɗan daga abin da ɗalibi ke riƙewa a ka:

Zafin jikin mai lafiya yana kusa da awo 37 a ma'aunin zafi. In ya kai 38, zazzaɓi ne.

Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, in yana hutawa.

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Akwai ɗan gwaji da ake yi da ɗigon jini daga yatsa. A cikin minti 15 zuwa 20 yana nuna gaskiya.

Yaro mai gudawa rashin ruwa a jiki ne ke kashe shi. Ana narka ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti a ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono.

Ana yi wa jariri rigakafi da zarar an haife shi. Sai a sati na 6, da na 10, da na 14. A wata na 9 a yi masa ta ƙyanda. Da irin wannan aiki ne aka ci ƙarfin cutar shan inna ta asali, har aka ba Nijeriya shaida a 2020.

Mai ciki da ke zubar da jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, tana cikin haɗari. Haka ma wadda ta wuce awa 12 tana naƙuda mai ƙarfi ba ta haihu ba. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari. A asibitin Jahun akwai sashen da ke yi wa masu wannan larura aiki. Amma rigakafi ya fi magani.

Babban darasi a cikin duka shi ne sanin iyaka. Ma'aikacin lafiyar al'umma yana da littafin ƙa'idojin aiki. Littafin yana nuna masa abin da zai yi da kansa, da abin da zai tura babban asibiti ba da ɓata lokaci ba. Wanda bai yi makaranta ba bai san wannan iyaka ba. Shi ya sa yake da haɗari.

LASIN SHI NE SHAIDA

Gama makaranta bai isa ba. Sai ɗalibi ya ci jarrabawar ƙasa, an yi masa rajista, an ba shi lasin. Nas da ungozoma suna samun nasu daga Majalisar Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1979. CHEW da JCHEW suna samun nasu daga Hukumar Rajistar Ma'aikatan Lafiyar Al'umma, wadda aka kafa da dokar 1992. Ana sabunta lasin daga lokaci zuwa lokaci.

To, a nan sai a yi hattara. Akwai masu buɗe makarantun lafiya ba da izni ba. Su kama haya, su kafa allo, su ɗinka wa yara fararen kaya. Uba ya sayar da akuya da buhun riɗi ya biya kuɗi. Bayan shekara 2 ko 3 a ba yaro takarda mai ado. Amma ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba, ba zai samu lasin ba, gwamnati ba za ta ɗauke shi aiki ba. An yi asarar kuɗi, an yi asarar shekaru.

Haka kuma wanda ya zauna a kemis ko a asibitin wani ya koyi allura, bai zama nas ba. In ya yi wa wani illa, hukuma za ta kama shi.

Kafin a biya ko kwabo, a yi waɗannan abubuwa:

1. A tambayi ko Majalisar ko Hukumar ta amince da makarantar, da kuma irin karatun da yaro zai yi.
2. A je wurin shugaban sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma a tabbatar.
3. A biya kuɗi ta hanyar da makaranta ta sanar, a karɓi rasit.
4. Kada a ba kowa kuɗi don ya samo wa yaro gurbi ta bayan gida.

Matambayi ba ya ɓata.

MAGANA GA IYAYE DA MAZAJE

Maza da yawa ba sa son namiji ya duba matansu. Saboda haka mata da yawa ba sa zuwa awo, suna haihuwa a gida. Amma malama mace daga wani gida za ta fito. In kowa ya hana 'yarsa karatu, wa zai duba matan gari? Jinya ba baƙon abu ba ne ga mata Musulmi. Tun zamanin Manzon Allah (SAW), Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni a yaƙi.

Aure ma ba ya rufe ƙofa. Akwai matan aure da ke wannan karatu da yardar mazajensu. Abin da ake so shi ne a zauna tun farko a shirya: wa zai riƙe yara, wa zai biya kuɗin makaranta da littattafai da abinci. Gari ma na iya haɗa hannu. Mai unguwa da liman da ƙungiyar gari suna iya zaɓar yarinya mai ƙoƙari su ɗauki nauyinta, da sharaɗin za ta dawo ta yi aiki a gida.

Aikin yana da wuya. Akwai jini, akwai wari, akwai rashin barci. Yana son haƙuri da tsabta da riƙon amana, domin ma'aikacin jinya ba ya fallasa sirrin majiyyaci. Wanda ke da waɗannan halaye, ya samu kiredit 5, ya shiga makarantar da hukuma ta sani, to ya kama hanya.

TAMBAYOYI

1. Faɗi ma'aikatan asibiti iri uku da aka ambata.
2. A wane gari ake koyon aikin CHEW a Jihar Jigawa?
3. Rubuta darussa 5 da makarantar nas ke nema.
4. Me ya sa takardar makarantar da ba ta da izni ba ta da amfani?
5. Faɗi alamomi uku na haɗari ga mai ciki.

AIKIN GIDA

Kowane ɗalibi ya ƙidaya yaran unguwarsu da ke aji uku na ƙaramar sakandare, maza da mata. Ya rubuta adadinsu. Ya karanta wa iyayensu wannan darasi kafin a raba yaran aji-aji.