Sandar Birkin Keke Da Ƙarafan Da Ke Daidaita Tsawonta

Keke mai birkin sanda shi ne jakin talaka. Da shi ake kai buhun gero kasuwa, da shi ake ɗauko itace da ruwa. Amma keke mai kaya idan ya kama gangare, ran mahayinsa yana rataye ne ga wata 'yar sandar ƙarfe wadda ba ta kai kaurin alkalami ba. Saboda haka ya kamata kowane mai keke ya san sandar nan, ya san ƙarafan da ke rage tsawonta ko su ƙara shi, ya kuma san inda zai same su.

Yadda sandar take aiki

Idan ka matsa hannun birki, sai ya ja sanda. Sanda kuwa ta ja wani ƙarfe mai kama da likkafa, shi kuma ya ɗaga robobin birki biyu su danne bakin wili, keke ya tsaya. To, kullum roba tana cinyewa. Da ta cinye sai rata ta samu tsakaninta da wili, ka matsa hannun birki har ya taɓa kan keke, amma keke yana ta tafiya. Maganin wannan shi ne a rage tsawon sanda. Ran da aka sa sabuwar roba mai kauri, sai a mayar da tsawon.

Ƙarafa iri uku

Na farko, ƙusa mai huda. Dubi birkin gaba, za ka ga sanda ta shige cikin wani siririn bututu. A bakin bututun akwai ƙusa wadda aka huda a gicciye, sandar ta ratsa ta hudar. Idan ka kwance notin ƙusar, sanda za ta yi ta zamewa sama da ƙasa. Idan ka ɗaure, ta tsaya cik.

Na biyu, noti a kan sanda mai tiredi. Tiredi shi ne tsagar nan da ta kewaye ƙusa kamar naɗin rawani. A kekuna da yawa, doguwar sandar birkin baya tana da tiredi a ƙarshenta, da notin da ake murzawa a rage ta kaɗan-kaɗan.

Na uku, mahaɗi mai baki biyu. Wannan ba a cika ganinsa a keke ba, amma za ka gan shi a wayar da ke riƙe turken lantarki, akwai kuma irinsa a sandar sitiyarin mota. Baki ɗaya tiredinsa na dama ne, ɗayan na hagu. Don haka idan aka juya shi gefe guda, sandunan biyu su matso tare, idan aka juya ɗaya gefen su ja da baya tare. Tiredin hagu ba baƙo ba ne gare ka: fedar hagu ta kekenka da shi aka ɗaura ta.

Yadda ake daidaita birkin gaba

1. Kwance notin ƙusa mai huda da sifana daidai bakinsa. Filaya tana cinye kusurwar noti.
2. Ɗaga likkafar har ratar da ke tsakanin roba da wili ta zama kamar kaurin tsinken ashana, watau wajen milimita 2.
3. Riƙe ta a nan, ka ɗaure noti tamau.
4. Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta. Idan roba tana gogar wili, ka rage da yawa.
5. Matsa birki da ƙarfi, ka tura keken. Idan sanda ta zame, ƙusar ta gaji, sai sabuwa.

Ba kowane noti ke hawa kowace ƙusa ba

Nan ne mutane da yawa ke yin hasara. A dā kowane maƙeri a Ingila da irin tiredinsa. A shekarar 1841 wani injiniya, Joseph Whitworth, ya fito da ma'auni guda, aka bi shi. Daga baya masu ƙera keke suka tsayar da nasu, wanda yawancinsa tsaga 26 ne a cikin inci ɗaya. Tsofaffin kekunan Ingila, irin su Raleigh da aka yi ta ƙerawa a birnin Nottingham har shekarar 2002, awonsu na inci ne. Yawancin ƙusoshin da ke kasuwa yau kuwa awonsu na milimita ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne.

Ga misali. Ƙusa mai kaurin rubu'in inci milimita 6.35 ce. Akwai kuma ƙusa mai milimita 6 cif, wadda tazarar tsagarta milimita 1 ce. Ido ba ya raba su. Notin mai milimita 6 yakan fara hawa mai rubu'in inci, sa'an nan ya cije. Mai gaggawa sai ya sa sifana ya tilasta shi, tiredi ya lalace, ya zaci ya ɗaure. Ranar da ya taka gangare da kaya, ranar notin zai saki.

Inda za ka samu

Fara da mai gyaran keke na garinku, domin yakan tara tsofaffin ƙarafa a gwangwani. In babu, sai masu sayar da kayan keke a babbar kasuwa. Kekuna masu birkin sanda har yanzu ana ƙera su a Indiya da Sin, kayansu kuwa suna zuwa. Kayan tsohon keke a nema wurin 'yan gwangwan, kamar a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

Duk inda za ka, tafi da tsohon ƙarfen a aljihu, har da sandar in ta ciru. Haɗa tsohuwar ƙusa da sabuwa gefe da gefe, ka duba ta wajen haske. Idan tsagoginsu sun shige juna ba rata, iri ɗaya ne. Sa'an nan murza noti da yatsu kawai. Na ƙwarai yana tafiya har ƙarshe ba gardama, ba kuma girgiɗi. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Kada ka yarda a ɗaure sandar birki da waya ko da tsohuwar roba. Kuɗin ƙusa kaɗan ne, kuɗin ɗori da jinya kuwa da yawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake rage tsawon sandar birki?
2. Faɗi ƙarafa uku da ke daidaita tsawon sanda.
3. Milimita nawa ne a inci ɗaya?
4. Yaya za ka gane noti ya dace da ƙusa?