In An Yi Maganin Tsoro, Yana Dawowa?

'Yar'uwa, a ɗakin awon ciki nakan ga matar da ke tsallake ranar ɗibar jini, ba don rashin kuɗi ba, sai don tsoron allura. Wata kuma ta daina shiga mota ko kasuwa saboda faɗuwar gaba da ke zo mata ba zato: zuciya na bugawa, gumi na karyowa, numfashi na sarƙewa, har ta ɗauka ajali ne. In likita ya auna ya ga zuciya lafiya lau, yawanci ciwon firgita ne, kuma yana da magani.

Maganin shi ne tunkarar abin tsoron kaɗan-kaɗan tare da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai tsoron allura za ta fara da kallon hotonta, sai riƙe sirinji, sai kallon ana yi wa wani, kafin a zo kanta. Mai firgita kuwa akan sa ta hau matakala da sauri, don ta saba da bugun zuciyar ta gane ba ya kisa. Mai ciki dai sai likita ya amince.

To, in an warke, yana ɗorewa? A 1989 wani masani a ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya ba da rahoton mutum 20 masu tsoron allura ko dabbobi da ya yi wa wannan magani a zama ɗaya na kusan awa biyu. Bayan kimanin shekara 4, 18 daga cikinsu sun warke ko sun samu sauƙi sosai. Mutanen ba su da yawa, amma binciken da ya biyo baya ya ƙarfafa sakamakon.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, tsoron kan sake leƙowa, musamman lokacin jego, rashin lafiya, ko in kin je sabon asibiti. Ƙwaƙwalwa ba ta goge tsohon tsoro, sabon darasi take ɗorawa a kansa. Saboda haka in ya leƙo kada ki koma gudu; ki maimaita matakan, in ya gagara ki dawo asibiti.

Ƙwaya irin diazepam kan kwantar da hankali na ranar, amma jiki na sabawa da ita. Kada ki saya a kemis da kanki.

In ganin jini na sa ki suma, ki faɗa mana tun kafin a ɗaure hannun, mu kwantar da ke a gado.